Zanen da Manomi Ya Kwance

Akwai wani mutum manomi da yake zaune a wani ƙauye a gindin dutse, shi da matarsa. Ba mashayi ba ne, ba mai dukan mace ba ne. Ranar Lahadi yana cikin masu fara isa coci, baƙo kuma ba ya barin ƙofar gidansa da ƙishirwa. Ku riƙe wannan tun yanzu, kada wani ya ce mugun mutum ne abin ya samu.

Matarsa ta yi ciki, cikin bai cika watanninsa ba naƙuda ta taso. Aka kai ta asibitin birni, aka yi mata aiki, aka ciro 'yan biyu, namiji da mace, bakwaini. Namijin da ɗan ƙwarinsa. Macen kuwa, in ka kwantar da ita a tafin hannu, da kaɗan ƙafafunta za su wuce wuyan hannun. Aka sa su a kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi, suka daɗe a ciki, har gero ya kai gwiwa a gonakin mutane.

Ranar da za a sallame su, nas ta kira mutumin gefe. Ta ce, "Baban biyu, a gidanku babu kwalba. Jikin waɗannan bai iya yin ɗumin kansa ba tukuna, sai wanda ya ara a jikin babba. Fata da fata za a haɗa, a ɗaure da zane a ƙirji, dare da rana. Matarka ɗinkinta bai warke ba, ɗaya kawai za ta iya ɗauka. Wa zai ɗauki ɗayar?"

Mutumin ya shiga lissafi a ransa. Uwarsa ta rasu. Surukarsa tana hayin kogi, kogin kuwa ya cika ya batse, ko kwalekwale ba ya ƙetarewa. Matan maƙwabta kowace tana gona.

Nas ta ce, "To, kai ne. Cire riga."

Ta kwantar masa da macen a ƙirji, ta ɗaure da zane tamau. Ta ce, "Kada ka sauke ta sai in za ka miƙa wa uwarta. Ka ji?" Ya ce ya ji.

Suka komo gida a tsakiyar marka. Ruwa safe, ruwa yamma, bango ya jiƙe, itace ya ƙi kamawa. Zaman gidan nan ya koma ɗaki guda. Matar tana tatsa nono a ɗan kofi, suna ɗiga wa jariran da cokali, domin bakinsu bai yi ƙarfin tsotso ba. Kafin a gama da wannan, lokacin wancan ya yi. Mutumin ya koyi barci a zaune, bayansa a jikin bango. Ciyawa ta rufe masa gona, yana sane, bai je ba. Wata maƙwabciya takan miƙo tuwo ta bakin ƙofa ta wuce.

Da farko zanen yana damunsa. Daga baya ya saba da motsin yarinyar, da ɗan numfashinta da yake ji a fatarsa kamar na ɗan tsako. Ba a raɗa musu suna ba tukuna, ana jira su yi ƙwari a kai su coci, amma shi in ba kowa yakan sunkuya ya ce, "Uwata, kin tashi?" Yarinyar kuwa ta fara cikowa. Kumatunta suka fito, yatsunta suka fara kama gashin ƙirjinsa.

Ana nan, wata rana sai ga Barnaba, ɗan gwaggonsa, wanda wasa yake tsakaninsu tun suna yara. Bai yi sallama ba ya ɗaga labule ya leƙo. Da ya ga ƙato zaune ba riga, da zanen mata a ƙirji, sai ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Ashe kai ka haihu? Sannu da jego! An dama maka kunun kanwa kuwa? Wa yake yi maka wankan?"

Mutumin ya ce, "Saki labulen, ɗan banza, kana shigo mana da sanyi."

"Na saki. Amma ranar kasuwa zan sayo maka ɗankwali, ya shiga da zanen."

Ya tafi yana ƙyaƙyatawa. Matar ta ce, "Rabu da shi, Maigida. Bakinsa ne kawai." Mutumin ya yi dariya shi ma, amma maganar ta shige shi ta zauna. Ya riƙa tunanin yadda za a yi da ita a majalisa, a bakin kasuwa, a bencin maza a coci.

Ba a daɗe ba, wata rana aka wuni ana ruwa. Da la'asar ya ɗauke, iska mai sanyi ta biyo baya. Matar tana fama da zazzaɓi, ta sha magani, barci ya kwashe ta da namijin a ƙirjinta. Sai mutumin ya ji sallama a ƙofar gida. Dattawan coci ne suka zo barka da addu'a, Dattijo Amos a gabansu. A bayansu kuma ya ji muryar Barnaba.

Hanyoyi suna gabansa a buɗe. Yana iya ɗaga murya daga ɗaki ya ba su haƙuri. Yana iya tsayawa a bakin ƙofa da zanensa su gaisa daga nesa. Yana iya tashin matarsa. Amma ya ce a ransa, dattawa sun taka cikin taɓo saboda ni, in amsa musu daga ɗaki kamar mai jego? In kuma na fita haka, Barnaba ya sami abin faɗi har girbi. Matar nan kuwa yau ne ta sami barci. Gaisuwa ce kawai, yanzu zan dawo.

Sai ya kwance zanen. Ya naɗe yarinyar da tsumma, ya ƙara da bargo, ya kwantar da ita a gefen uwarta. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya fita.

Bargo kuwa ba ya yin ɗumi da kansa. Wanda ya tarar a jiki shi yake tsarewa, ita kuma ba ta da shi.

Ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ina gajiya, ina mai jego, ina yara, yaya ruwa. Ya kawo ruwan sha, ya kawo gyaɗa. Aka shiga zancen taki, daga taki aka koma gadar da ruwa ya cinye, daga gada aka koma rufin coci da yake yoyo. Kunnensa ɗaya yana cikin gida. Bai ji kuka ba, sai hankalinsa ya kwanta. Namijin ne mai kuka. Ita macen, ƙarfin kukan ma ba ta da shi. In sanyi ya kama ta, shiru take ƙara yi.

Barnaba ya matso ya zungure shi, ya ce a kunnensa, "Ina zanen namu?"

Mutumin ya ce, "Wane zane?"

Dattijo Amos ya ce a sunkuyar da kai. Addu'arsa doguwa ce, kowa ya san shi da haka. Ya roƙi Ubangiji ya raya jariran, ya tsare su daga ciwo, ya sa su girma su yi wa iyayensu amfani. Mutumin yana amsawa da amin, yana kuma jin ƙirjinsa ya huce a cikin riga, wurin da kullum yake da zufa.

Da suka tashi, sai rakiya. Ya yi niyyar tsayawa a ƙofar gida, amma Dattijo Amos ya riƙe masa hannu yana ba shi shawara a kan gona, yaro kuwa ba ya zare hannunsa daga na dattijo. Suka wuce tsamiya, suka wuce rijiya, har mararraba. Can aka sake shi. Da suka ba da baya, sai ya zuba da gudu.

Ya tarar da matarsa ta farka. Tana zaune ta haɗa jariran biyu a ƙirjinta ta matse, jini yana tsattsafowa ta zanenta a wurin ɗinkin. Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Ta yi sanyi, Maigida."

Ya fizge rigar har ta yage. Ya karɓi yarinyar, ya ji ta kamar tulun da ya kwana a waje. Ya ɗaure ta, yana murza mata baya, yana hura mata numfashi a ka, yana cewa, "Uwata, Uwata." Ta ɗan motsa. Ya fita ba riga ya nemo mai babur, duk unguwa tana kallonsa, bai ma ga kowa ba. Hanya ta lalace da taɓo, suna tafiya suna sauka suna turawa. Kafin su hango fitilun birni motsin ya tsaya. Ya sani, amma bai gaya wa mai babur ba, bai kuma sassauta zanen ba har suka isa.

Washegari aka binne ta a bayan gida, ramin bai kai na shuka ayaba ba. Dattawan nan suka dawo, wannan karo ta'aziyya. Suka ce nufin Allah ne, dama bakwaini sai wanda Allah ya raya. Ba su san kome ba, mutumin kuma bai iya gaya musu ba. Sai da ɗaki ya rage daga shi sai matarsa, ta ce, "Da ka tashe ni." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake faɗa ba har abada.

Ɗinkinta ya buɗe, ba ta iya ɗaukar kowa. Sai mutumin ya ɗaura namijin a ƙirjinsa, ya tsaya a bakin ƙofa, masu ta'aziyya suna gaishe shi daga tsakar gida. Maza cike da gidan, Barnaba a cikinsu. Ba wanda ya yi dariya. Yaron ya rayu. Amma wannan tsayuwar ba ta ta da yarinyar ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne, har da ku manya da kuke zaune a baya.

Jaririyar nan ita ce mai rauni wanda Allah ya ɗaura maka, wanda ba shi da ɗumin kansa sai naka. Ga wani, tsohuwar uwarsa ce da take ɗakin baya. Ga wata, ɗan da ya daina magana a gida. Ga wani, sabon tuban da ya zo coci kwanan nan, danginsa sun juya masa baya, yana zama a benci na ƙarshe. Ga waɗansunku ma, bangaskiyarku ce da kanta, da ta fito ƙarama ba ta yi ƙwari ba. Allah bai ce ka aika mata da bargo ba. Kuɗi, da buhun masara, da "a gaishe ta", duk bargo ne. Jikinka ya nema, da zamanka.

Ku lura kuma, ba giya ce ta fitar da mutumin nan daga ɗaki ba, ba caca ba ce. Dattawa ne, da addu'a, da girmama baƙo, abubuwa masu kyau duka. Shaiɗan ya san ba kowa zai ja da mugun abu ba. Wani da taron coci zai ja shi, wata da hidimar biki, ana yabonku a waje, na cikin ɗaki yana hucewa. Addu'ar da aka yi a zaure ba ta da laifi. Amma amsarta tana ƙirjin mutumin, shi kuwa ya rufe ta da rigar Lahadi ya zauna yana cewa amin. Kada ku roƙi Allah abin da ya riga ya ba ku ku yi da hannunku, in ya lalace kuma ku ce nufinsa ne.

Saura kunya. Abin da ya ji tsoro duka dariya ce, ta mutum guda, wadda da ta ƙare kafin kasuwa ta sake ci. Ubangijinmu Yesu an tuɓe shi a gaban gari, an yi masa ba'a, bai sauko ya bar mu don a daina dariya ba. Kai wane ne da za ka ce aikin ya yi maka ƙanƙanta, ko na mata ne, ko mutane za su gani?

Kada kuma ku ce, ai bai yi kuka ba. Mai ƙarfi ne yake kuka. Wanda ya fi bukatarka ba zai kira ka ba.

Kowannenku ya san nasa, tun ina magana sunansa ya faɗo muku a rai. In an tashi, kada ku tsaya hira a ƙofar coci. Ku tafi wurinsa yau, ku zauna, tun yana da sauran motsi.