Ruwan Karnuka a Rumfar Tasalla

Ilu, sarkin kasuwarmu, ya tsinci karin maganar Turawa a rediyo, bai tsaya jin fassara ba. Dama yana son ƙwace rumfar Tasalla mai waina, sai ya tare ta gaban jama'a.

"Tasalla, Turawa kan ce ana ruwan karnuka da kyanwoyi. Faɗi ma'anarsa, ko ki kwashe tandarki."

"Ranka ya daɗe, in na kuskure, kai za ka faɗa wa jama'a daidai ɗin ko?"

"Ƙwarai kuwa."

"To, nufinsu a bar mai waina inda take."

Kowa ya zuba wa Ilu ido. Ya gyara rawani, ya yi tari, ya sake gyarawa.

"Tasalla, wa ya koya miki Turanci haka?"

Har gobe tandar tana nan kan wuta.