Ranar da Zaki Ya Saka Ƙwai a Fada

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai nisa, nisan da ba wanda zai taso daga can ya ƙaryata ni. Sarkin nan yana da rumbuna da malamai da bayin Allah masu yi masa biyayya, amma abin da ya fi so duk duniya ita ce 'yarsa Tasalla, mai shekara bakwai, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Wata tsohuwa mai kaɗi, Iya Marka, ita ta raine ta da kunu da tatsuniya.

Wata rana da la'asar sarki ya ratsa cikin gida, ya ji Tasalla ta jera 'yan tsanarta tana ba su labarin Zaki da Bushiya. Wai Zaki ya sha zuma, ya fito taron namun dawa da saƙar manne a gemunsa, ƙudan zuma na biye da shi. Kura ta ce ado ne, Dila ya ce sabon yayi ne. Bushiya kaɗai ta ce masa ya goge gemunsa. Zaki ya fusata ya kore ta, ƙudan zuma suka yi masa rubdugu, ita ce kuma ta dawo ta yi jinyarsa har ya warke.

Sarki ya shafa gemunsa. Shi fa kullum zaki maroƙa ke kiransa. Da ya sa aka bincika, sai ya tarar duk tatsuniyoyin tsohuwar haka suke: in ba a yi wa Zaki wayo ba, to wani ɗan mitsitsin abu ne ya cece shi. Nan take ya umarci Waziri ya gyara su. Waziri ya yi kwana bakwai yana gyara, ya kawo labarin da Zaki ya tashi da safe, ya yi daidai, dabbobi suka gode masa, ya koma ya kwanta. Tasalla ta saurara da ladabi, ta tambayi ubanta ko wannan zakin da wa yake wasa, sannan ta koma gindin Iya Marka.

Ran sarki ya ɓaci, ya ce tsohuwa ta ɗaure kayanta, ranar Juma'a za a mai da ita ƙauyensu. Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe bakin zanen Iya, ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, kwana biyu. Sarkin da ake tsoro har bakin kogi ya rasa yadda zai yi da 'yar yarinya, sai ya sa aka kira tsohuwa fada, yarinya na maƙale da ita.

Ya ce, "Ke Marka, me Zaki ya yi miki da kullum sai ƙaramin abu ne ke cetonsa?"

Ta ce, "Ya sarki, manyan dawa sun san ƙarfinsa, daga nesa suke gaishe shi. Ƙarami ne ke matsowa kusa har ya ga abin da ke gemu."

Ya ce in haka ne, ashe raini take koya wa 'yarsa. Ta ce ita kaɗi ta iya, ba ta iya jayayya da sarakuna ba, kuma za ta tafi. Sai dai yarinyar nan ba ta runtsawa sai da tatsuniya, don haka ya kamata ubanta ya koya kafin Juma'a. Ta nemi izini ta matso, ta raɗa masa asirin sana'arta: duk labarin da za ta bayar, sai ta soka masa kuskure uku da gangan. Wanda ya gyara mata, yana tare da ita. Wanda ya yi shiru, ko barci yake, ko tsoro.

Sarki mutum ne da ba ya son a ce akwai abin da bai iya ba. Ya gyara zama zai fara. Waziri ya tuna masa cewa ba a tatsuniya da rana, sai sarki ya ce a sauke asabari, dare ya yi. Fadawa suka ce lalle dare ya yi. Wani ya yi hamma, wani ma ya ce ya hango tauraro, alhali ko azahar ba a kira ba.

Sarki ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Fadawa suka amsa da ranka ya daɗe. Tasalla ce kaɗai ta ce ta zo su ji ta.

Ya ce wai wata rana Zaki ya hau bishiyar kuka ya saka ƙwai goma sha biyu. Waziri ya ce ya taɓa cin karo da haka a littafi. Tasalla ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce zaki haihuwa yake yi, kuma ma macen. Sarki ya ci gaba, ya ce Zaki ya wasa ƙahonsa ya nufi taro. Wani bafade ya rantse kakansa ya ga irin ƙahon da idonsa. Tasalla ta ce wannan ai gwanki ne, Baba bai iya ba. Sannan sarki ya kawo na ukun, yana duban tsohuwa: Bushiya ta ce Zaki ya goge gemunsa, aka kore ta, ba ta ƙara dawowa ba, dawa ta zauna lafiya. Fada ta ɗauki yabo.

Wannan karon Tasalla ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "A'a, Baba. In ba ta dawo ba, wa zai yi jinyarsa?"

Sarki ya dubi rawuna arba'in da ke gabansa, duk suna gyaɗawa. Irin gyaɗawar nan ya sani, da ita ake raka kowace shari'a da ya yanke. Ya tambayi Waziri ko da gaske zaki na saka ƙwai. Waziri ya ce, Allah ya ba shi nasara, in sarki ya ce ba ya sakawa, to ba ya sakawa.

Sarki ya ce, "To gonar gwauruwar nan da na karɓe bara na ba mai unguwa, kuka ce na yi daidai. Daidai ɗin nan, da ƙwan zaki uwarsu ɗaya?"

Waziri ya dubi yatsun ƙafarsa, ya ce gwauruwar ce ke da gaskiya.

Sarki ya yi dariya har da hawaye, ba a dai tantance hawayen na mene ne ba. Ya ce a ɗaga asabari, gari ya waye, a kuma kira gwauruwa da mai unguwa a sake shari'a. Ya ce wa Iya Marka ta kwance kayanta, ta mai da Bushiya inda take, da zumar da gemun duka. Tsohuwa ta ce ai ba ta ɗaure ba tun farko, ta dai roƙi a kawo wa yarinya fura. Aka kawo, Tasalla ta shanye a kan cinyar ubanta.

Shi kuwa sarki ya dubi fadawansa ya ce, "Fadar da ba a gyara wa sarki tatsuniya, ba za a gyara masa shari'a ba. Adalci yana shigowa ne ta bakin wanda ya ce mini a'a, ya kuma kwana lafiya."