Ranar da Gizo Ya Je Neman Attajiri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta da kunnenmu.

Akwai wani ɗan tsibiri can tsakiyar tafki, giginya ta cika shi tana ruɓewa, ba mai saye. Samarin dabbobi duk sun gudu birni. Sai dattijo Kunkuru ya aiki Gizo ƙetare ya nemo attajiri.

Gizo ya fara da Kura. Ta lashe baki ta ce, "Zan zo in kafa kasuwa. 'Yan awaki nawa gare ku?"

Gizo ya ce, "Hajiya, sai mun yi shawara." Ya arce.

Ya iske Dorina, mai fatauci ta ruwa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, garinmu ko ƙasarsa zinariya ce!"

Dorina ta yi hamma, ta juya za ta nutse. Gizo ya tuna tsofaffin da ke jiransa. Ya ce, "Tsaya! Gari ne mai nisa, ga sauro. Giginya kawai muke da ita, da hannuwan saƙa tabarma."

Dorina ta ce, "Yanzu ka yi magana. Ku saƙa, ni in kai kasuwa, mu raba."

Kafin damina, samari suka fara dawowa a bayan Dorina. Gizo ya raɗa wa matarsa Ƙoƙi, "Yau gaskiya ta ciyar da ni, amma kada ki gaya wa kowa, sunana zai ɓaci."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tafki.