Tocilar Sarkin Pawa

An ce a Tudun Ƙirya an yi wani Sarkin Pawa, Ɗanlami, wanda ba ya ƙaunar a yabi kowa a gabansa. Da ƙwacen waya ya yi yawa a hanyar kasuwa, 'yarsa ta aiko masa da tocila mai shokin, irin wadda in an dangwara wa ƙato sai ya zube. Bai gama nuna ta ba sai maƙwabcinsa Barau, Sarkin Tasha, ya samo bindiga mai baki biyu, har da takardarta. 'Yan kallo duk suka koma ƙofar Barau.

Rannan da hantsi Ɗanlami yana zaune a bayan mahauta, tocila a hannu, ya haɗa rai, sai wata tsohuwar ungulu ta sauko daga rufi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya mutu ba a sanar da ni ba?"

Ya ce, "Ke dai bari. Barau da na riga shi aure, yau shi ake wa jinjina, ni kuwa ana ce mini mai fitila! Gobe zan nemo bindigar da ta fi tasa tsawo."

Ungulu ta ce, "In don cikina ne, sai in ce ka sayi biyu. Amma na daɗe ina cin hanjin gidanka. Ban yi karatu ba, sai dai daga sama na ga abin da masu karatun ba su gani ba. Ka ji labarin Na'allah mai goro?"

"Faɗi."

"Na'allah yana da irin tocilar nan taka. Ka san taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, ba su haɗuwa sai da tsokana. Wata ranar kasuwa taubashinsa Shekarau ya laɓe a bayan motar kaya, ya cafko shi ta baya, ya sauya murya ya ce, 'Kawo wayar!' Na'allah bai waiga ba ya danna masa. Shekarau ya faɗi yana shure-shure kamar tarwaɗa, kasuwa ta ɗauki dariya.

"Na'allah ya ce, 'Raini ne! Da bindiga nake rataye da ita da ba ka fara ba.'

"Shekarau, yana zaune cikin ƙura, ya ce, 'Bawana, tsuguna ka ji labarin Jatau maharbi. Jatau yana dawowa daga daji da azahar, bindiga a kafaɗa. Taubashinsa Tunau ya maƙale cikin dawa, ya daka masa tsawa irin ta 'yan fashi. Jatau ya juya ya saki wuta. Da aka ɗaga Tunau, masara biyu gasassu aka samu a hannunsa, ɗaya ta Jatau ce. Uwar Tunau kuwa gwaggon Jatau ce, ita ta goya shi. Har ya tsufa bai ƙara bi ta ƙofarta ba. Ni ga ni ina zaginka. Tunau bai samu ya zagi kowa ba.'

"Na'allah bai sake ambaton bindiga ba, ranka ya daɗe, sai dai ya yi mako yana kai wa Shekarau fura."

Ɗanlami ya yi tsaki. "Abin da ba ya kai nesa! In babu caji kuma, sanda ce kawai."

"Gaskiya ne. Ɗan fashi mai bindiga kam, ƙafarka ce maganinsa. Amma a shekara ɓarayi nawa ke taɓa ka ta baya, 'yan uwa kuma nawa?"

Ba ta rufe baki ba, sai aka fizge hular Ɗanlami ta baya. Tas-tas-tas! Wani ya yi zaman dirshan cikin kwatar mahauta. Ashe Maikano ne, ɗan kawunsa, hula a hannu.

Maikano ya ce, "Mugun mahauci! Ubangidanka za ka gasa? Wallahi sai ka ba ni cinya guda!"

Ɗanlami ya dubi babban yatsansa, har yanzu yana kan madanni. Shi ma bai waiga ba. Sai ya miƙa hannu ya jawo Maikano daga kwata.

Ya ce, "Ungulu, na ji. Barau ya riƙe abarsa." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Amma in kin bi ta tasha, ki gaya musu tawa tana haske, tasa ba ta yi."

Ungulu ta ɗauki hanjinta ta tashi sama, labari ya tsaya a nan.