Tsumma a Kafar Katanga

Akwai wani maigida mai gona a kan tudu, nesa da gidansa. Da yake can yake wuni, sai ya shirya wa mutanen gidan kira iri biyu. In akwai haɗari, ya busa ƙaho. In haɗarin ya wuce, ya busa sarewa.

Ƙahon ɗaya ne, amma kowa da abin da yake ji a cikinsa. Dogara, tsohon da ke jan ruwa a rijiyar gidan, in ya ji sai ya ninka sauri. Kande mai girki kuwa sai ta kashe murhu, ta saka wa ƙofa sakata. Ƙaho ƙarfi gare shi, ta kan katanga yake tsallakowa. Ita sarewa muryarta siririya ce, ba ta shigowa sai ta wata 'yar kafa da aka bari a katangar gabas.

Wata rana da hantsi wuta ta kama dajin bayan gida, maigida ya busa ƙaho. Dogara ya hau cika randuna, don kada wutar ta iske rumbuna babu ruwa. Hayaƙi ya yi ta kwararowa ta kafar nan, Kande ta ɗauki tsumma ta toshe ta.

Kafin rana ta take, wutar ta mutu a bakin rafi. Maigida ya zauna ya busa sarewa. Ba wanda ya ji.

Dogara dai ja yake yi. Igiya ta yanka masa tafin hannu, ƙirjinsa na dukan uku-uku, bakinsa ya bushe ƙamas.

Kande ta ce, "Baba, randunan fa sun cika. Ƙasa kake shayarwa yanzu."

Ya ce, "Kin ji sarewa?"

"Ban ji ba."

"To, ni ma ban ji ba."

"Ko kunu ba ka kurɓa ba tun safe. In ka faɗa rijiyar nan, wa zai ciro ka? Ni?"

"Ke da kika kashe murhu, toka zan kurɓa?"

Ya sake jefa guga. Da rana ta karkata, jiri ya kwashe shi, saura kaɗan ya bi gugan ciki. Ya ja jiki ya jingina da katanga, jini na ɗiga daga hannunsa. Ya laluba abin da zai ɗaure ciwon, hannunsa ya kai kan tsumma, ya fizgo.

Sai ga muryar sarewa ta shigo, a hankali, ba gaggawa. Ashe tun ɗazu maigida bai daina busawa ba.

Dogara ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ce, "Kande, hura wutarki. Ki sa tsamiya da yawa."

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan jikinku ne. Wata malamar asibiti ta bayyana mini cewa akwai jijiyoyi iri biyu da ke aiki a cikinmu ba da umarninmu ba. Kowace tana sakin ɗan ruwan saƙonta, gaɓoɓin jiki kuma suna da ƙofofi ƙanana, kowace ƙofa da irin saƙon da take karɓa. Shi ya sa saƙon tsoro, ga shi guda ɗaya, yakan sa zuciya gudu, ya tsai da ciki daga niƙa abinci. Saƙon salama kuwa shi ke kwantar da zuciya, ya dawo da yawu a baki, har yunwa ta tashi. Dogara zuciyarku ce, Kande cikinku.

Kada ku zagi ƙaho, 'ya'yana. Ubangiji ne ya yi shi, don ku tsere wa maciji. Amma da yawanmu wutar da ta tsorata mu ta daɗe da mutuwa, muna nan muna ja. Tsumman da muka cusa ranar hayaƙi, ko fushi ne ko zullumi, mun manta da shi a kafa. In ciwo ne ya kama zuciya, a je asibiti, wannan ma tanadin Ubangiji ne. In kuwa tsoron jiya ne, ku zauna, ku ja numfashi a hankali, ku yi addu'a, ku ciro tsumman. Maigida bai ajiye sarewarsa ba.