Ka Ɗiga a Naka?

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Fuwa, a bakin kogin Nilu, a shekarun da aka gama haƙa mashigin Suwais. Na san sunansa, amma ba zan faɗa ba, don yana da dangi a raye.

Ubansa mai haɗa magani ne. Ɗan shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma duk yankin an san shi da maganin ciwon ido. Kun dai san halin ƙasarmu. Da zafi ya shigo, ƙuda ya yi yawa, sai ka ga mutum biyar a gida guda ido ja wur, da safe a manne. Tsohon yakan samo ruwan wardi, ya jefa shuɗin dutsen nan mai cin fata daidai ƙwayar riɗi, ba ƙari, ya tace da farin ƙyalle sau uku. Sannan ya yi abin da bai taɓa fashinsa ba: ya ɗaga kai sama ya ɗiga a idon kansa. In zafin ya wuce kima, sai ya tuntsurar da tulun gaba ɗaya. Matarsa mai suna Bahana kuwa kullum tana bakin ƙofa da tambayarta ɗaya: "Ka ɗiga a naka?" Shi kuma ya ce, "Na ɗiga, sarkin tambaya."

Da tsohon ya rasu, ɗan ya gaji shagon, ya gaji tulun, ya kuma gaji tambayar.

Wata shekara ya je Iskandariyya sayen shuɗin dutse. A can ya ga abin da ya ɗauke masa hankali: kwalaben magani daga bayan teku, jere a bayan gilashi, kowace da takarda mai rubutun ruwan zinariya. Wannan ta ce tana kashe tari, waccan zazzaɓi da ciwon haƙori, wata ma har da sanƙo. Mutane na turereniya a kansu. Ya tuna tulun ubansa mai toshiyar tsumma, sai ya ji kunya ta kama shi.

Ya dawo gida ya ce wa uwar zai koma birni neman arziki. Ba ta hana shi ba. Ta gasa masa gurasa, ta raka shi har mashaya inda jirage ke tsayawa. Ya ce, "Shekara ɗaya tak, Umma." Ta gyara masa wuyan riga ta ce, "To, hasken idona. Ko me ka haɗa, ka ɗiga a naka tukuna, ka ji?" Ya ce ya ji.

A birni ya haɗu da wani mai buga takardu, ana ce masa Kawaja Andoni. Kawaja ya gwada maganin, ya taɓe baki. Ya ce, "Maganinka mai kyau ne, abokina, amma kunya ta yi masa yawa. Ka fi ni sanin mutanenku. Maganin da bai sa su kuka ba, cewa za su yi ruwan kogi ka sayar musu. Ƙara masa wuta!"

Ya ƙara. Ƙwayar riɗi ta zama ƙwayar wake. Ƙwayar wake ta zama cokali. Ranar da ya fara zuba cokali guda, ya ɗaga kai zai ɗiga kamar yadda ya saba, sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi ruwan, shuɗi shar. Ya mayar da shi ya ce, "Gobe na ɗiga." Ya 'yan'uwa, wannan goben ba ta taɓa zuwa ba.

Kawaja ya sa aka zana fuskarsa a jikin takardar kwalbar, da jar dara da gashin baki murɗaɗɗe, aka rubuta wai likita ne da ya yi karatu a bayan teku. Mutumin da ko bakin tashar jiragen teku bai taɓa wucewa ba! Aka baza kwalabe kasuwa-kasuwa, maulidi-maulidi. Maganin kuwa mayaudari ne. In ka ɗiga sai ka yi ihu, bayan kwana biyu jan ido ya washe, ka shiga sa wa likita albarka. Sai an yi watanni ana ɗigawa, sannan hakiya ta fara rufe idon a hankali. Kafin nan an tashi daga maulidi, mai talla ya yi gaba. Wa za ka kama?

Za ku ce ai wataƙila bai sani ba. To ku saurara. Ya tara masu yi masa talla ya ce musu, "Ku kai ko'ina, amma ban yarda kwalba ko ɗaya ta shiga yankin Fuwa ba." Don me ya ware garinsu, in bai sani ba?

Arziki ya zo. Ya yi gidan bene mai kallon teku. Amma Allah bai ba shi daɗin abin ba, don begen gida ya hana shi sakat. In ya wuce ta lungu ya ji ƙamshin gurasa daga tanderun ƙasa, sai ya tsaya cak kamar an kira sunansa. Kukunsa ya yi masa miyar lalo, ya kai loma ɗaya ya ture kwanon ya ce ba haka ake yi ba. Yakan hau saman bene ya juya wa teku baya, yana kallon hanyar da ta yi ƙauye. Yana son ganin uwarsa, so na gaske.

Kowace Salla sai ya ɗaura kaya. Sai ya hango ta tsaye a bakin ƙofa, ya ji tambayar nan, ya kwance kayan. Ya iya yi wa mutum dubu ƙarya a takarda, amma ya san ba zai iya duban idon Bahana ya ce "Na ɗiga" ba. Maimakon ya je sai ya aika da sukari da yadin alharini. Amsa ta zo da rubutun malamin ƙauye: "Ɗana, sukari ya iso, maƙwabta sun sha shayi sun gode. Ni fuskarka nake so in gani."

Shekara ɗaya ta zama tara.

A ta taran ƙanwarsa Zannuba ta aiko da layi biyu: "Umma ta tsufa ƙwarai. In kana da niyyar zuwa, yanzu ne." Ya ce a ransa ai tsufa ya sa ta manta da tambayar. Ya shiga jirgi.

Da hantsi ya isa. Dabinon ƙofar gida na nan, tanderun na nan. Uwar na zaune a tsakar gida cikin rana, fuskarta na fuskantar ƙofa. Ya yi sallama. Ta zabura ta miƙo hannu biyu, amma ba daidai inda yake ba, ɗan gefe kaɗan. Ya matso ya duba. Idanun nan biyu fari fat.

Ya durƙusa. Ta kama fuskarsa tana shafawa, goshi, kumatu, haɓa, tana dariya tana kuka. Ta ce, "Ka yi ƙiba, ɗan nema. To ina gashin bakin nan naka murɗaɗɗe na jikin kwalba?"

Ya ce, "Wace kwalba, Umma?"

Ta sa hannu cikin rigarta ta zaro ta. Takardar ta koɗe don shafa, amma fuskarsa ce.

Zannuba ce ta ba shi labari, tana tsaye can gefe, ba ta ko kallonsa. Shekara uku da suka wuce wata maƙwabciya ta je maulidin garin Tanta, ta ga kwalbar a hannun mai talla, ta ƙwala ihu, "Wallahi ɗan Bahana ne!" Ta sayo wa uwar tsaraba. Lokacin ɗan ciwon idon zafi ne kawai ke damun tsohuwar, irin wanda ke zuwa ya wuce. Ta ɗiga. Da kwalbar ta ƙare, duk mai zuwa Tanta sai ta ba shi sautu.

Uwar ta katse ta. "Ƙyale ta da surutu. Yana da zafi kam, har mayafina nake cizo. Wannan ta ce in bari. Na ce ke tafi can, ɗana ya ɗiga a nasa kafin ya ba kowa. In shi ya jure, ni ce zan kasa? Makanta kuwa tsufa ne, daga Allah take. Na ma gode, abin da na gani na ƙarshe sosai fuskarka ce a jikin kwalba." Ta sake shafa kumatunsa. "Ai ka ɗiga a naka, ko?"

Ya dafa hannunta. Hawayensa suka gangaro kan yatsunta. Ta ji ɗuminsu ta ce, "Ka ji ba, Zannuba? Har yanzu idonsa na ruwa saboda gwada wa mutane magani. Haka ubansa yake. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ya 'yan'uwa, da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Wata huɗu ta yi bayan nan. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke jan hannunta zuwa rana. Kullum yana cewa yau zai faɗa mata, kullum yana kasawa. Ta rasu da kwalbar a ƙirjinta. Zannuba kuwa tun ranar farko ta karanta amsar a fuskarsa, har ta koma ga Allah ba ta sake kiransa yaya ba.

Ya sayar da gidan bene, ya shiga bin kasuwanni yana karɓe kwalabensa yana fasawa. Amma ina! Katakon da aka sassaƙa fuskarsa a kai, wanda ake buga takardar kwalba da shi, yana hannun mai buga takardu, wasu kuma sun koyi haɗin. In ya fasa goma a Tanta, sai ya tarar da ɗari a Damanhur, kowace ɗauke da fuskarsa. Wata rana a kasuwa wani manomi da ke jan makauniyar matarsa ya dube shi, ya dubi kwalba, ya tara masa jama'a. Suka yi masa lilis, bai ko ɗaga hannu ya kare kansa ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Dukiya ta ƙare a wannan yawo, kwalabe ba su ƙare ba.

Ni na riske shi lokacin da aka turo ni limanci ƙauyen. Tsoho tukuf, zaune a ƙofar rufaffen shagon ubansa. Abin da zai ba ku mamaki, Allah ya bar masa idonsa garau, yana iya zura zare a allura. Shi da bakinsa ya ba ni labarin nan. Da ya gama ya kama hannuna ya ce, "Malam, in an tashe mu, za a mayar mata da idonta?" Na ce za a mayar. Ya ce, "To za ta gan ni ke nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan ganin nake ta bege shekara talatin. Shi kuma nake tsoro."

Na gaya masa ƙofar tuba a buɗe take, kuma gaskiya na faɗa. Amma tuba ba ta mayar wa tsohuwa da ido ba, ba ta mayar wa matar manomi da nata ba. Tsakaninsa da su sai a gaban Allah.

Ya 'yan'uwa, kowannenmu yana da abin da yake miƙa wa mutane. Kai mai magani, kai mai awo, ke mai abinci, har ni mai wa'azi. Mutumin nan ya ɗauka in ya kewaye garinsu ya tsira, ya manta duk idon da ya ƙone idon uwar wani ne. Abin da ba za ka yarda ya shiga jikinka ba, da wane hannu kake miƙa wa ɗan'uwanka? Kafin ka miƙa, tsaya ka tambayi kanka abin da Bahana take tambaya. In amsar a'a ce, tuntsurar da tulun tun kana da dama.

Allah ya tsarkake mana abin da muke sayarwa da abin da muke ci. Allah ya sa iyayenmu su gan mu gobe ba tare da mun sunkuyar da kai ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bayinsa daga hannunmu. Amin.