Zakara a Ƙasar Ƙanƙara

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare!

Wasu masu bincike ne suka tafi ƙasar ƙanƙara da Zakara da matarsa Kaza. A can rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Zakara ya rasa asubar yin cara, ya yi tsit.

Kukun masu binciken ya ce, "In gobe bai yi cara ba, zan yanka shi."

Zakara ya ce, "Uwargida, tawa ta ƙare."

Kaza ta ce, "Haba Maigida, matso nan."

Ta rufe masa ido da fiffikenta har barci ya kwashe shi. Can ta ɗaga fiffiken, ta ce, "Gari ya waye!"

Zakara ya zabura ya kwarara cara. Kuku ya mayar da wuƙarsa yana dariya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, sanyi ya kore ni!